Bishiyar da Titi Ya Kauce Wa: Fashin Baƙi Kan Camfe-camfen Ƙauyukan Ayalan

Lokaci zuwa lokaci wani labari yakan sake zagayowa a Facebook da WhatsApp, cewa akwai wata ƙasa a Turai da ta ƙi sare wata bishiya a kan hanyar babban titi saboda tsoron aljanu. Masu tsokaci a kai sukan rabu biyu. Wasu su ce ƙarya ce, domin a ganinsu Bature ya wuce camfi, wasu kuma su ce ashe su ma haka suke, su wuce ba tare da sun tambayi dalili ba.

Labarin yana da tushe. A shekarar 1999, lokacin da ake aikin sabunta titin da ya haɗa Limerick da Ennis a gundumar Clare da ke yammacin Ayalan, wani mashahurin mai tattara tatsuniyoyi, Eddie Lenihan, ya yi gargaɗi a kan wata 'yar bishiya mai ƙaya da ke tsaye ita kaɗai a wani wuri da ake kira Latoon. Ya ce a gindinta rundunar mutanen ɓoye na lardin Munster ke taruwa idan za su yaƙi na lardin Connacht, kuma sare ta zai jawo haɗurra a kan titin. Jaridar New York Times ta ɗauki labarin, duniya ta ji, daga ƙarshe aka yi aikin ba a taɓa bishiyar ba, aka ma kewaye ta da shinge. A 2002 wani ya lallaɓa ya sassare rassanta, amma ta sake tohowa. A 2017 kuma wani ɗan majalisar dokoki daga gundumar Kerry, Danny Healy-Rae, ya danganta lotsawar da wani titi ke yi kusa da Killarney da gidajen mutanen ɓoye da ke yankin, har ya ce gara ya kwana da yunwa da ya sa motar aikinsa ta rushe ɗaya daga cikinsu.

To, yaya aka yi ƙasar da manyan kamfanonin fasaha irin su Google da Apple suka kafa hedkwatarsu ta Turai take da irin wannan? Shin mutanenta sun yarda da waɗannan abubuwa da gaske, kuma daga ina suka samo su? Amsar tana cikin rayuwar talakan ƙauye na shekaru ɗari biyu da suka wuce, musamman a kan saniyarsa da murhunsa da maƙwabcinsa.

Kalmomin da ake ruɗewa a kansu

Kalmar da mutanen ƙasar ke amfani da ita a harshensu na asali ita ce piseog, kuma tana ɗauke da ma'ana biyu da Hausa ta raba. Tana nufin camfi, wato abin da mutum ke kiyayewa don kada wani abu ya same shi, tana kuma nufin sammu, wato aikin da ake yi da gangan don a karya wani ko a janye arzikinsa. Idan aka ce wance tana yin piseog, zargi ne mai nauyi da kan raba gidaje biyu har jikoki.

Halittun da ake tsoro su ake kira sí. Hotunan littattafan yara sun mai da su 'yan mitsi-mitsi masu fukafukai, amma a bakin tsofaffin ƙauye girmansu ɗaya da na mutum, suna da shanu da dawakai, suna kiɗa da rawa da wasan ƙwallon sanda, suna jana'iza, wani lokaci har sukan buƙaci ungozoma daga cikin mutane. Ba a kiran sunansu kai tsaye, sai a ce "mutanen kirki" ko "masu daraja", kamar yadda Bahaushe kan sakaya ya ce mutanen ɓoye. Game da asalinsu akwai bayani biyu da suka zauna tare. Tsofaffin rubuce-rubuce sun ce su ne Tuatha Dé Danann, al'ummar da ta mallaki tsibirin kafin a ci ta da yaƙi ta shige ƙarƙashin tuddai. Bayanin da ya bi Kiristanci kuma ya ce mala'iku ne da aka koro daga sama, waɗanda laifinsu bai kai na wuta ba. Shi kuwa ɗan guntun mutumin nan mai koriyar hula da ake gani ko'ina ranar 17 ga Maris, ranar bikin Patrick waliyyin ƙasar, wato leprechaun, ƙaramin ɗan wasa ne a tsoffin labarai, baduku ne mai ɗinkin takalma da ke zaune shi kaɗai, har ma jar riga wasu tsofaffin marubuta suka ce yana sawa. Kasuwancin yawon buɗe ido da 'yan ƙasar mazauna Amurka ne suka ɗaga shi sama da kowa.

"Gidajen" nasu kuwa abu ne da ake gani da ido. Kufai ne masu da'ira, kewaye da 'yar ganuwar ƙasa da rami, ana kiransu ráth ko lios. Masu binciken kayan tarihi sun tabbatar cewa gidajen manoma ne da aka gina galibi tsakanin ƙarni na 6 da na 10, don kare iyali da shanu daga mahara da kyarketai, kuma an ƙididdige fiye da 40,000 a faɗin tsibirin. Da masu su suka shuɗe aka manta da su, sai na baya suka ba kufan wasu masu su.

Sa'a dukiya ce, kuma ana sace ta

Wanda yake son ya gane camfin Ayalan sai ya fara da saniya. A ƙarni na 18 da na 19 yawancin manoman ƙasar 'yan haya ne a gonakin da aka ƙwace daga kakanninsu, masu ƙasar kuwa wasunsu ma a Ingila suke zaune, wakilansu ne ke karɓar kuɗi. Iyali sukan ci dankalin Turawa da tsala, su sayar da man shanu da alade su biya haya. Kasuwar man shanu ta birnin Cork, wadda aka kafa wajajen 1770, ta kai ga zama mafi girma irinta a duniya a ƙarni na 19, kuma man da ke cikinta daga hannun matan ƙauye ya fito. Idan man gida ya ƙi haɗuwa makonni a jere, abin da ke gaban iyalin shi ne bashi, bayan bashi kuma kora daga gona.

Man shanu kuwa abu ne mai gardama. Mace za ta tara madara na kwanaki, ta juye a wani dogon mazubi na katako mai kama da turmi mai murfi, ta riƙa luguden wata sanda sama da ƙasa ta cikin hudar murfin. Wata rana man ya haɗu kafin ta gaji, wata rana ta yini tana bugu har kafaɗunta su yi tsami, ta buɗe ta tarar da kumfa kawai. Yau an san dalilan: zafi ko sanyin ɗakin, ƙwayoyin cuta da suka maƙale a katakon, ko saniyar da ta rame a hunturu. A wancan lokacin babu ma'aunin zafi a gidan talaka, babu mai duba dabbobi a kusa, ga kuma maƙwabciya mai saniya ɗaya tana kai mai kasuwa kowane mako. Bayanin da ya fi kusa da hannu shi ne wani ya janye "ribar" madarar zuwa nasa mazubin.

Daga nan ne dokokin suka fito. Duk baƙon da ya shigo ana cikin bugun madara, ko limamin coci ne, dole ya ce Allah ya sa albarka a aikin, sannan ya karɓi sandar ya buga ko sau uku ne, don ya nuna bai zo da wata niyya ba kuma ba zai fita da sa'ar gidan ba. Ba a barin namiji ya kunna lofensa da garwashin murhu ya fita kafin a gama. Akan jefa ɗan gishiri a mazubin, ko a sa garwashi ko guntun ƙarfe a ƙarƙashinsa. Idan abin ya ci tura, sai a sa bakin garma a wuta har ya yi ja, da imanin cewa zafin zai kama wadda ta yi aikin har ta rugo gidan da wani uzuri, kuma duk matar da tsautsayi ya kawo ta aron wani abu a daidai lokacin, zargi ya hau kanta.

Ranar da aka fi tsoro ita ce 1 ga Mayu, wato Bealtaine, ranar da ake fitar da shanu makiyayar bazara, lokacin da madara ke fara yawa. Abin da ya fita daga gida a ranar, ana ganin sa'ar shekara ce ta bi shi, don haka ba a ba da wuta, ba a ba da gishiri, ba a ba da ruwa ko madara, ko da mai roƙon wanda aka saba ba shi ne. Gidaje sukan jinkirta hura wuta da safe, kowa yana jiran hayaƙin wani ya riga tashi. Wasu sukan kwana suna gadin rijiyarsu, domin an ɗauka wanda ya fara ɗibar saman ruwan da asuba ya ɗebe albarkar shanun da ke sha a wurin. An kuma yi imani cewa mai mugun nufi yakan ja igiyar dabaibayi a kan raɓar ciyawar maƙwabci yana kiran man ya zo gare shi. Don kariya, yara sukan tsinko furanni masu ruwan ɗorawa su watsa a bakin ƙofa da tagogi, a ɗaura jan ƙyalle ko reshen wata bishiya mai jajayen 'ya'ya a wutsiyar saniya, a yayyafa ruwan da aka yi wa addu'a a coci a kusurwoyin gona.

Akwai labarin da kusan kowace gunduma ke da irinsa: manomi ya ga zomo yana tsotson nonon saniyarsa da asubar ranar, ya harbe shi ko karensa ya cije shi, ya bi sawun jini har ɗakin wata tsohuwa, ya same ta da rauni a cinya. Labarin ya tsufa ƙwarai, domin wani malamin coci mai suna Gerald na Wales ya ambaci ƙorafin tsofaffin mata masu rikiɗa zomo su saci madara a littafin da ya rubuta kan Ayalan wajajen 1188. Mafi muni shi ne binne ɗanyun ƙwai ko ruɓaɓɓen nama a kunyar dankalin wani ko cikin tarin harawarsa, da nufin yadda abin ke ruɓewa haka arzikinsa zai ruɓe. Wannan kam an yi shi a zahiri, mutane sun tono ƙwan da hannunsu, kuma tsoron da ya biyo baya ya hana iyalai barci.

Wani masanin halayyar al'umma ɗan Amurka, George Foster, ya bayyana irin wannan tunani a 1965 bayan bincikensa a ƙauyukan Meziko. Ya ce a al'ummar da gona ba ta ƙaruwa kuma hanyar arziki a toshe take, mutane kan ɗauki alheri kamar tuwo ne a akushi ɗaya, wanda ya ƙara loma to daga rabon wani ya ɗiba. Wannan ya dace da ƙauyen Ayalan sosai, kuma a ganina shi ne mabuɗin al'amarin gaba ɗaya. Ko a ciniki ana ganinsa. Idan aka sayar da saniya a kasuwa, mai sayarwa yakan mayar wa mai saye ɗan kuɗi daga cikin farashin, a da har yakan tofa wa kwabon yawu, don sa'ar dabbar ta bi ta zuwa sabon gida. Ya yi kama da gyara a kasuwanninmu, sai dai a can hana shi kan ɓata ciniki, kuma har yau ana ba da wannan "kuɗin sa'a" a kasuwannin dabbobi.

Murhu, ƙofa da ruwan dare

Gidan talaka ɗaki biyu ne ko uku, rufin ciyawa, murhu a tsakiyar rayuwa. Makamashin wata baƙar ƙasar fadama ce da ake yankawa kamar tubali a busar, tana ci a hankali. Kowane dare uwar gida takan rufe garwashin da toka tana karanta addu'a, da safe ta tone shi da ransa. Mutuwar wutar gida alama ce mara kyau, kuma idan iyali za su koma sabon gida, da garwashin tsohon murhu ake kunna na sabon. Kafin a kwanta akan share gaban murhu, a ajiye ruwa mai tsabta, saboda masu zuwa da dare, ko mutanen ɓoye ko matattun gidan. Ruwan wanke ƙafa kuwa ba ya kwana a ɗaki, kuma mai watsa shi waje bayan duhu yakan yi kira da a kauce, kada ya jiƙa wanda ba ya gani. Duk wanda aka taɓa tsawata masa don ya zubar da ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla zai gane wannan.

Gina gida ma da ƙa'idarsa. An ɗauka akwai hanyoyi miƙaƙƙu da ke haɗa kufai da kufai, kuma wanda ya gina a kansu ba zai ga daidai ba. Akan kafa duwatsu ko sanduna a kusurwoyi huɗu na filin a bar su su kwana, idan aka tarar an ture su sai a canza wuri. Gidan da aka riga aka gina kuma, akan buɗe ƙofar gaba da ta baya a wasu darare don masu wucewa su wuce, har akwai gidajen da aka sare musu kusurwa ɗaya. Ƙara ɗaki ta yamma abin gudu ne.

A daren 31 ga Janairu akan saƙa gicciye da wata ciyawar fadama da sunan Brigid, wadda Kiristocin ƙasar ke girmamawa a matsayin waliyyiya, a soke shi a rufin ɗaki don kariya daga gobara da yunwa, a kuma shanya wani ƙyalle a waje ya kwana, a ajiye shi don ciwon kai da naƙuda, ta mace ko ta saniya. Daren 31 ga Oktoba, Samhain, shi ne wanda 'yan ƙaura suka kai Amurka ya zama bikin Halloween, inda kabewa ta maye gurbin wani tushen lambu da ake sassaƙawa a gida. Idan aka yi mutuwa akan tsayar da agogo, a rufe madubi, a buɗe taga. Masunta kuma sukan fasa fita teku idan suka ci karo da mace mai jan gashi, ba sa kuma ambaton yanyawa ko alade a cikin jirgi. Teku na cin mutane a gaɓar yamma kowace shekara, don haka ba abin mamaki ba ne dokokin masunta su fi na kowa tsauri.

Yunwa da coci

Babbar yunwar da ta fara a 1845, lokacin da cuta ta ruɓar da dankali, ta kashe kimanin mutum miliyan 1, wasu fiye da miliyan 1 suka yi ƙaura. Ƙidayar 1841 ta nuna mutum sama da miliyan 8, ta 1851 kuwa kimanin miliyan 6.5. Waɗanda abin ya fi shafa su ne matalauta masu magana da harshen asali a yamma da kudu, wato ainihin ma'ajiyar waɗannan al'adu. Likita William Wilde, mahaifin marubuci Oscar Wilde, ya wallafa littafi kan camfe-camfen ƙasar a 1852, inda ya koka cewa yunwa da ƙaura da makarantu suna shafe su. Yunwar ta kuma ƙara wa wasu camfin nauyi. Akwai abin da ake kira féar gortach, "ciyawar yunwa", wani wuri a kan tudu ko hanya da idan matafiyi ya taka sai wata irin kasala da yunwa ta kayar da shi. Bayan yunwar mutane da yawa suka riƙa cewa nan ne wani ya faɗi ya mutu ba a yi masa sutura ba, maganinsa kuma shi ne kada ka fita ba guntun burodi a aljihu.

Cocin Katolika ta yaƙi abubuwa da dama daga ciki, musamman bayan taron limamanta na Thurles a 1850 ƙarƙashin babban limami Paul Cullen, inda aka ƙara matsa wa wasannin zaman makoki da bukukuwan rijiyoyi masu tsarki, waɗanda yawansu ya kai kimanin 3,000. Amma a gidan talaka ba a ga saɓani ba: hannun da ya yayyafa ruwan coci shi ne ya ɗaura jan ƙyalle.

Ranar da camfi ya ci rai

Masu sayar da hoton Ayalan a matsayin ƙasar tatsuniya mai daɗi ba sa son a tsaya a nan, amma dole ne. An yi imani cewa mutanen ɓoye sukan sace jariri ko matashiyar mace su bar wani abu mai kama da su a madadinsu. Shi ya sa akan gitta ƙarfen ɗaukar garwashi a kan gadon jariri, kamar yadda ake ajiye wuƙa a kan ɗan jego a wasu gidajenmu. Yaron da ya daina girma, ko bai yi magana ba, ko ya shanye, ana iya cewa ba shi ba ne, kuma hanyoyin "korar" na bogin sun haɗa da wuta da ruwan sanyi da magunguna masu guba. A 1826 a Kerry wata tsohuwa ta nutsar da wani yaro ɗan shekara 4 da ba ya tafiya ba ya magana a kogin Flesk da wannan niyya, kuma kotu ta sallame ta.

Shari'ar da ta fi girgiza ƙasar ita ce ta Bridget Cleary, a Ballyvadlea ta gundumar Tipperary, a watan Maris na 1895. Mace ce 'yar kimanin shekara 26, tela mai keken ɗinkinta, tana kuma kiwon kaji tana sayar da ƙwai, ba ta haihu ba bayan shekaru da aure. Ta kwanta da ciwon ƙirji, likita ya zo, limamin coci ya zo, amma mijinta Michael, mai ƙera gangunan katako, ya ƙudurta cewa wadda ke kwance ba matarsa ba ce. Da taimakon danginta, har da mahaifinta, aka danne ta aka ɗura mata ganyaye a madara, aka riƙe ta a kan murhu ana tambayarta da sunan Allah ko ita ce. A daren 15 ga Maris ya watsa mata kananzir ta ƙone. Bayan ya binne ta a ɓoye, sai ya riƙa zuwa wani kufai da ke kusa da dare, yana jiran matarsa ta gaskiya ta fito a kan farin doki. An yanke masa shekara 20 bisa kisa ba da niyya ba, ya yi 15. Jaridun da ke adawa da Birtaniya ta ba Ayalan 'yancin cin gashin kai suka kama shari'ar a matsayin hujjar cewa mutanen ba su isa mulkin kansu ba.

Masaniya Angela Bourke, wadda ta wallafa littafi a kan shari'ar a 1999, ta nuna cewa labaran mutanen ɓoye yare ne da al'umma ke faɗin abin da ba ta iya faɗa kai tsaye, kamar tarin fuka da naƙasa da ciwon damuwa bayan haihuwa da dukan mata, kuma macen da ta fita daga sahu da kuɗinta da adonta takan fi saurin faɗawa ciki. Wasu masana tarihi kuma suna kawo wani ɓangaren. Scotland da ke maƙwabtaka ta kashe mutane wajen 2,500 bisa zargin maita, alhali shari'o'in maita a Ayalan 'yan kaɗan ne, irin ta Kilkenny a 1324 da ta Islandmagee a 1711. A ganinsu, ɗora masifa a kan halittun da ba a iya kai wa kotu ya kuɓutar da maƙwabta da yawa. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta rage komai daga abin da ya sami yaron Flesk da Bridget ba.

Yadda aka san duk wannan

Ayalan ta yi abin da ƙasashe kaɗan suka yi. A 1935 gwamnati ta kafa Hukumar Tattara Al'adun Gargajiya ƙarƙashin Séamus Ó Duilearga, wadda ta tura ma'aikata ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya. Daga 1937 zuwa 1939 kuma aka sa yaran firamare fiye da 50,000 daga makarantu kimanin 5,000 su zauna da kakanninsu da maƙwabta su rubuta abin da suka ji, kan magani da camfi da bukukuwa da yunwa da sunayen gonaki. An samu shafuka fiye da rabin miliyan da rubutun hannu, suna ajiye a jami'ar University College Dublin, an sa da yawa a shafin intanet na dúchas.ie, kuma UNESCO ta shigar da taskar cikin kundin tarihin duniya a 2017. Mutum yakan nemi sunan ƙauyensu ya tarar da rubutun kakarsa tana 'yar shekara 12. Duk lokacin da na tuna wannan sai in yi tunanin yawan tsofaffin da muke binnewa ba wanda ya zauna da su da alƙalami.

Abin da ya kashe su da abin da ya rage

Wa'azi bai yi wa camfin man shanu illar da injin ya yi masa ba. A 1889 aka buɗe masana'antar madara ta haɗin gwiwar manoma ta farko a Drumcollogher ta gundumar Limerick, kuma da irinta suka yaɗu, aka riƙa kai madara ana auna ta ana biya, mazubin katako ya koma kayan tarihi, zargin maƙwabciya ya rasa abin kamawa. A 1946 aka fara kai wutar lantarki karkara, duhun da labaran ke rayuwa a ciki ya ragu, rediyo da talabijin suka ƙwace hirar dare. Asibiti ya ba ciwon yara suna.

Sai dai raguwar tsoron ta zo da hasara. Kufan da suka tsira shekara dubu saboda ba mai yarda ya sa musu garma, da yawa sun tafi a ƙarni na 20, musamman bayan shigar ƙasar ƙungiyar kasuwancin Turai a 1973, lokacin da aka ƙarfafa faɗaɗa gonaki kuma katafila ta iso. Yanzu doka ce ke gadinsu, tun daga dokar kayan tarihi ta 1930 da gyare-gyarenta, har a 2012 kotu ta ci wani manomi a Kerry tarar Yuro 25,000 saboda rushe ɗaya. Masu kare tarihi da muhalli na ganin tsohon tsoron ya yi aikin da sufeto ba zai iya ba. Wasu 'yan ƙasar kuma na jin haushin yadda jaridun waje ke rububin labarin aljanu, suna ganin ci gaba ne na tsohon hoton da masu mulkin mallaka suka zana musu. Masu otal da jagororin baƙi suna cin abinci da shi. Gwamnati ma ta ɗauki ɓangaren da ya yi mata, domin tun 2023 ranar Brigid ta zama hutun ƙasa, yara na saƙa gicciyen a makaranta, shaguna kuma na sayar da burodin Samhain mai zobe a ciki, wanda ya same shi a rabonsa a ce shi zai riga yin aure.

Game da ko sun yarda, amsar da aka fi ji daga bakin manomi ita ce shi bai yarda da su ba, amma ba zai taɓa bishiyar ba. Lissafinsa a fili yake: barinta ba ya cin masa sai 'yan taku na ƙasa, sare ta kuwa yana nufin duk saniyar da ta mutu da duk ɗan da ya yi haɗari daga ranar, ƙauye zai san abin da zai ce, shi ma zuciyarsa za ta faɗa masa. Shi ya sa matafiyi a Clare ko Galway ko Roscommon yakan hangi fili shimfiɗe an nome shi tas, a tsakiyarsa ga 'yar bishiyar ƙaya guda da iskar teku ta karkatar, da tarin duwatsu a gindinta, sawun tarakta ya zo daf da ita ya lanƙwasa ya wuce.